Fitilar Si Milud

A Hasi Lakhal ba a shanya farin kaya a waje. Kowace mace ta san wannan tun kafin ta iya kwaɓa burodi. Tashar wuta tana nan bakin gari, bututanta suna aman hayaƙi ba Juma'a ba sallah, tokar kwal kuma tana sauka a hankali a kan rufin gidaje, da kan na'ana'ar da aka shuka a gwangwani, har cikin kunnen jarirai. Matar da mijinta ya rasu, al'ada ta ce ta sa fari daga kai har ƙafa sai ta fita takaba. To, a garin nan farin takaba yini ɗaya yake yi ya koma ruwan toka. Masu takaba kuwa ba su yi wa garin kaɗan ba, domin ramukan kwal da aka rufe tun tuni har yanzu suna karɓar mazajensu ɗaya bayan ɗaya, ta hanyar ƙirji.

Lalla Yamna ungozoma ce a asibitin gari har ta yi ritaya. Rabin mutanen da ke yawo a kasuwa a hannunta suka faɗo, shi ya sa ba ta jin nauyin kowa, har shugaban majalisa, wanda ta taɓa cewa tun ranar haihuwarsa bakinsa ya fi ƙirjinsa ƙarfi. Matan unguwa ne suka tura ta majalisar gari. Ta shiga ne da magana ɗaya tak a bakinta, maganar tarin yara. Ta gaji da ganin jariri ɗan wata uku yana jan numfashi kamar tsohon mahaƙi.

Mijinta, Si Milud, shi ne mafi tsufa a cikin mahaƙan da suka rage. Ƙurar rami ta cinye masa huhu, yanzu da injin iska yake rayuwa, wani akwati mai ƙugi da ke gefen gadonsa, da siririn tiyo zuwa hancinsa. Ya raɗa wa injin suna Helma, wai don yini yake yana gunaguni kuma ba ka isa ka yi nisa da shi ba. A jikin bango, sama da Helma, tsohuwar fitilarsa ta rami tana rataye a ƙusa. Tun da injin ya shigo gidan ba a sake kunna ta a ɗakin ba, likita ya ce harshen wuta da wannan iska ba sa haɗuwa.

Injin nan bai taɓa tsayawa ba, kuma da dalili. A tsohuwar kwangilar da gari ya ƙulla da tasha, akwai sharaɗin cewa unguwar mahaƙa tana da layinta na kanta kai tsaye daga tashar. Ko an ɗauke wutar gari duka, ko gidan shugaban majalisa ya yi duhu, unguwar mahaƙa tana haske. Tsofaffin unguwar da ke kwance da injuna, duk a kan wannan layi numfashinsu yake.

Yanzu kwangilar ta zo ƙarshe. Masu tasha suna son a sabunta ta shekara ashirin da biyar, gari ya ci gaba da sayen wutarsa duka daga gare su. In gari ya ƙi, tashar ta tsufa, ba ta da wani babban mai saye, rufewa za ta yi. Sai gari ya koma kan babban layin ƙasa, wanda ba a gama jawo shi sosai ba. Injiniyoyin ba su ɓoye ba, sun ce za a yi wata da watanni ana ɗauke wuta kafin abu ya daidaita, layin mahaƙa kuwa ya tafi ke nan. 'Yan majalisa sun rabu biyu, ƙuri'u sun yi kunnen doki, saura ta Yamna, ranar Talata kuma za a kaɗa. Kowa a gari ya san haka, har mai sayar da kifi ya fara ƙara mata a kan abin da ta saya.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Kaddur ya zo cin kuskus. Ɗan ƙanwar Milud ne, shi ne mai kula da ma'aikatan tukunyar tasha, mutum mai faɗin kafaɗa da baƙin farce wanda sabulu ya sallama. Ya sumbaci kan kawunsa, ya zauna, ya ci kamar an aiko shi. Sai da aka kawo shayi ya buɗe bakin abin da ya kawo shi.

"Lalla Yamna, ranar Talata fa."

"Na san kwanakin mako, Kaddur. Ni na yanke maka cibiya, ba kai ka yanke mini ba."

"Allah ya ba ki haƙuri. Ni ba don kaina nake magana ba, wallahi. Mu in an rufe, ma tafi birnin Wujda mu yi dako. Amma dubi Kawu." Ya nuna injin da haɓa. "Wannan abin ba da addu'a yake juyawa ba. In aka ɗauke wuta tun safe har la'asar, me za ki yi? Fifita za ki yi masa?"

"Akwai tukunyar iska."

"Tukunyar da ke ƙarewa kafin a gama tafasa miyar harira? Haba, matar Kawu. Ke ce ma'aikaciyar asibiti, ba ni ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiya daga bakin wanda ka goya ta fi zafi. Milud ya gyara tiyon hancinsa ya ce, "Kai, ɗan nan, ka zo cin kuskus ne ko ka zo auna mini likkafani? Sha shayinka. Helma na jin ka, kada ka ɓata masa rai."

Kaddur ya yi dariyar dole. Da zai tafi ya ce masu tasha za su aiko da mota ranar Talata, a kwashi tsofaffin unguwa zuwa zauren majalisa, 'yan majalisa su ga da idonsu waɗanda za su yanke wa wuta. Yamna ta ce wannan rashin kunya ne, a ɗauki marasa lafiya a baje su kamar kayan kasuwa. Ga mamakinta Milud ya ce za shi. Ya ce ya daɗe bai ga abokansa ba sai a maƙabarta.

Bayan la'asar ta zauna bakin gadonsa tana mulka masa man zaitun a ƙafa. Ta daɗe tana juya maganar kafin ta fito da ita.

"Si Milud, me zan yi?"

"Ni aka zaɓa?"

"Kada ka yi mini haka. Jiya 'yar maƙwabciyarmu Mbarka ta kawo mini jaririnta. Na sa kunne a ƙirjinsa, na ji abin da nake ji a naka. Ɗan wata huɗu. In na ɗaga hannu aka sabunta, sai ya yi gemu hayaƙin nan yana kansa. In kuma na ƙi..."

Ya dubi rufin ɗaki. Numfashinsa yana fita da ƙara, sai ya tara iska kafin ya iya haɗa jimla. "Shekara nawa kina yanke hukunci a ɗakin haihuwa ba ki tambaye ni ba? Yau da na zama rabin mutum za ki ɗora mini?"

Ta ji haushinsa ƙwarai. Ta so ya ce mata ta sabunta, ta samu wanda za ta laɓe a bayansa. Ta ajiye kwalbar man da ƙarfi ta fita tsakar gida. A nan, tana kallon tokar da ta taru a bakin tulu, ta yanke shawara. Za ta sabunta. Jaririn yana da uwa da uba da shekaru a gabansa, wataƙila su ƙaura, wataƙila a samo magani. Ita Milud ɗaya gare ta. Ta san son kai ne, ta kira shi da sunansa a zuciyarta, kuma ba ta fasa ba.

Abin da ya hana ta sukuni shi ne wani labari da ya ba ta tun tana amarya, lokacin ƙirjinsa yana ɗaukar buhu biyu. Ya ce a shekararsa ta farko a rami rufi ya rufta ya toshe musu hanya, shi da wasu mutane. Fitilun rami na wancan zamani harshen wuta ne da su, kuma wuta iska take ci kamar mutum. Dokar mahaƙa ita ce, in iska ta yi ƙaranci, babban cikinku shi ke fara kashe fitilarsa ya zauna cikin duhu. Sai mai bi masa, sai mai bi masa. Ƙaramin ciki shi ake bar wa haske, shi ne mai ƙarfin tono. Ba a magana, ba a gardama, ba a godiya. Ranar nan Milud ne ƙarami. Ya ce bai taɓa manta yadda wani tsoho da ake ce wa Ba Hummad ya murje harshen fitilarsa da yatsu biyu ya ajiye ta a ƙasa ba, kamar wanda ya gama shan shayi ya ajiye kofi. An tono su, amma Ba Hummad a kafaɗa aka fito da shi. Duk ɗan Hasi Lakhal da wannan doka ya tashi a kunnensa, ko bai taɓa leƙa rami ba. Yamna ta kori labarin daga ranta, ta ce wannan zamanin rami ne, ya wuce.

Ranar Talata da hantsi zauren majalisa ya cika har tagogi. Ma'aikatan tasha a gefe ɗaya da rigunan aikinsu, mata a ɗaya gefen da yara a cinya. Mbarka, maƙwabciyar Yamna, tana gaba cikin farin takabarta da ya zama ruwan toka. An sha surutu. Wani ɗan majalisa ya yi dogon jawabi a kan ci gaba, wani ya yi wanda ya fi shi tsawo a kan gadon kakanni, kuma duka biyun gidajensu suna can bayan tudu inda iska ba ta kai toka. Yamna tana zaune hannuwanta a cinya.

Sai aka ji motar tasha ta tsaya. Kaddur ya shigo gaba yana buɗa hanya. Bayansa tsofaffin mahaƙa ne, cikin jallabiyoyinsu na ulu duk da zafi, suna tafe a hankali, wannan ya dafa wancan. Kowannensu yana riƙe da fitilarsa ta rami a kunne, yadda suke riƙe su in za su raka ɗan'uwansu maƙabarta. Sun bar tukwanen iskarsu a mota saboda wutar. Yamna ta ga mijinta a gaba, hancinsa ba tiyo, leɓɓansa sun fara canja launi. Ma'aikatan tasha suka tashi suna tafi. Kaddur ya dube ta, a fuskarsa akwai ban haƙuri, akwai kuma nasara.

Aka ba tsofaffin benci a gaba. Zauren ya yi tsit, ba ka jin komai sai numfashinsu. Shugaban majalisa ya ce, "Iyayenmu, marhaban da ku. Si Milud, kai ne babba. In akwai magana, zaure naka ne."

Milud ya yunƙura ya miƙe. Ya buɗe baki, iskar ba ta isa ba. Ya sake gwadawa, tari ya sarƙe shi. Yamna ta fara tashi, ya ɗaga mata hannu ta zauna. Ya juya ya dubi gefen mata, ya daɗe yana kallon yaran da ke cinyoyinsu. Sannan ya ɗaga fitilarsa daidai fuska yadda kowa zai gani, ya kai yatsu biyu ya murje harshen wutar. Ya sunkuya da ƙyar ya ajiye ta a ƙasa, ya zauna.

Tsohon da ke gefensa, mai bi masa a shekaru, ya kalli fitilar da ke ƙasa, ya kalli tasa. Ya murje ta. Na kusa da shi ya bi. Haka suka yi ta yi bisa tsarin shekaru, ba wanda ya tsallake wani, ba wanda ya ce kanzil. Ɗayansu sai da ya gwada ya sake gwadawa. Ƙaramin cikinsu, wanda shi ma furfura ta gama cin kansa, ya rage da fitila a kunne, ya rasa yadda zai yi da ita. Ya waiga, ya miƙe, ya je ya ajiye ta a gaban 'yar Mbarka mai jariri.

Babu wanda ya nemi a fassara masa. Mbarka ta rufe fuska da mayafi. Wani daga cikin ma'aikatan tasha ya cire hularsa. Kaddur ya jingina da bango kansa a ƙasa, domin a bakin kawun nan nasa ya fara jin labarin Ba Hummad.

Yamna kuwa fushi ne ya fara zuwar mata kafin baƙin ciki. Ta tambaye shi a ɗaki, su biyu, ya ƙi ba ta amsa, sai ya zo ya ba ta a gaban gari duka, inda ba ta da bakin musu. Ta so ta tashi ta ce masa wannan dokar maza ce ta cikin rami, ba wanda ya taɓa tambayar matan da ke jira a bakin ramin. Amma shugaba ya riga ya ce masu son a sabunta su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi. Nata yana cinya, ya yi mata nauyi kamar ba nata ba. Da aka ce waɗanda suka ƙi, ta ɗaga shi, ba ta dubi kowa ba.

A gida, bayan ta mayar masa da tiyo launinsa ya dawo, ta tsaya a kansa. "Ka kyauta, Si Milud. Ka kyauta ƙwarai."

"Ke kika ɗaga hannu."

"Kai ka ɗaga mini shi. In wani abu ya same ka, wallahi ba zan yafe maka ba."

"To sai ki biyo ni can ki ƙarasa faɗan," in ji shi. "Yanzu dai a ba ni shayi, Helma ya yi kewata."

Da kaka ta shigo aka kashe tukunyar tasha. Mutane suka fito kan rufi suna kallon bututun da ba hayaƙi, wasu na murna, wasu na share ido. Da yawa daga ma'aikata suka tafi neman aiki wasu garuruwa. Kaddur bai tafi ba. Ya nemo wani tsohon janareta a shagon tasha, ya gyara shi, ya ɗaura a amalanke. Duk lokacin da aka ɗauke wuta sai ka gan shi yana tura shi cikin unguwar mahaƙa gida gida, inda tukunyar iska ta kusa ƙarewa ya tsaya ya tayar da injin. Bai taɓa yi wa Yamna gori ba, ita ma ba ta taɓa ba shi haƙuri ba. Haka aka ci hunturu, wuta na zuwa tana tafiya, tsofaffi na nan da ransu.

Sai wata rana da bazara iskar gabas mai zafi ta taso ta kayar da turakun sabon layi a can daji. Wuta ta tafi tun da safe. Helma ya yi shiru, ɗakin ya zama wani iri. Yamna ta haɗa wa Milud tukunya, ta aika a kira motar asibiti, aka ce tana hanyar Wujda da wani tsohon. Azahar ta yi, wuta ba ta dawo ba. Tana zaune tana kallon allurar ma'aunin tukunyar tana sauka.

Ta ji ƙarar amalanke a ƙofa. Kaddur ya shigo jiƙe da gumi, wayar janareta a hannu. "Kawu, ga ni. Bari in haɗa."

"Ina ka fito?" in ji Milud.

"Nan na fara zuwa."

"Sauran tsofaffin fa? Lahdar da Buziyan?"

"Suna jira. In na gama da kai..."

"Tun yaushe aka fara da babba?" Ya tsaya ya tara iska. "Je ka fara da ƙaramin. Ka biyo da su. Tukunyata da saura."

Kaddur ya juya ya dubi Yamna. Ita ce ma'aikaciyar asibiti, ita ta san abin da allurar ke cewa. Da saura, gaskiya ne, amma ba saura mai yawa ba. Ta kuma san tukunyar Lahdar ta fi wannan ƙanƙanta, matarsa ta faɗa mata a gidan wanka. Kalma ɗaya za ta faɗa Kaddur ya durƙusa ya haɗa wayar, ko kawunsa ya so ko ya ƙi. Milud bai dube ta ba, idonsa yana kan ƙusar da fitilarsa take rataye.

"Ka ji abin da kawunka ya ce," in ji ta. "Yi sauri ka dawo."

Ya yi saurin. Duk unguwa ta shaida gudun da ya yi da amalanken nan cikin rana. Yamna ta hau gadon ta jingina mijinta a ƙirjinta yadda numfashi zai fi yi masa sauƙi, tana shafa masa ruwa a goshi, tana karanta masa abin da ya sawwaƙa. Ta gaya masa ƙarya ta yi, ta yafe masa tun ranar. Ya matsa hannunta. Da Kaddur ya dawo gab da la'asar, ya tarar da ita ta riga ta rufe masa ido.

Tsofaffin suka raka shi da fitilu a kunne, Lahdar da Buziyan a cikinsu. Kafin a yi sadakar arba'in aka gama gyaran layi, wuta ta zauna, ba a sake ɗauke ta ba sai jefi-jefi. Mutane suka riƙa cewa da ma ya ƙara 'yan makonni. Yamna kuwa, wata rana tana ganin daidai ta yi, wata rana tana ganin ita ta kashe shi da hannunta, kuma ta san haka za ta ƙare rayuwarta tsakanin biyun.

Wata safiya ta wanke kayan takabarta, ta tsaya da su a tsakar ɗaki tana neman igiyar da ake ɗaurawa daga taga zuwa ƙofa. Mbarka da ta shigo da burodi, jikanta a kafaɗa yana ta wasa da ɗankunnenta, ta ce, "Lalla Yamna, kai su sama mana. Ai yanzu kowa a sama yake shanya."

Ta hau rufi ta shanya su. Ta sauko ta yi aikinta, ta manta. Sai da rana ta yi sanyi ta koma kwasowa. Ta ciro mayafin, ta kakkaɓe shi yadda hannu ya saba, ba abin da ya tashi. Ta juya shi gaba da baya, ta duba bakinsa, ta duba inda igiya ta taɓa. Fari ne tas. Shekarunta duka a garin nan ba ta taɓa ganin farin takaba da haskensa ba sai nata.

Ta zauna a kan rufin, mayafin a cinyarta, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Da aka kira magariba ta share fuska, ta yafa shi, ta sauka ta kunna wutar tsakar gida.